Dafaddu, Baƙon Da Ba Ya Cin Tuwon Mai Masauki

Ina so in yi magana bisa wani tsiro na kurmi wanda a ke ɗora wa laifin da bai yi ba, in kuma nuna yadda mutum zai shaida shi in ya gan shi.

Mu mutanen Arewa ba a raina mu wajen sanin itatuwan ƙasarmu. Yaron da bai isa kiwo ba ya san ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da gawo, ya san lokacin da ko wanne ke fure, da lokacin da ya ke zub da ganye. Amma da zarar mun shiga kurmi, inda rana ba ta sauka ƙasa sai da tsaka, sai saninmu ya ƙare. Abin da muka gani ƙasa mu ce ciyawa, abin da muka hanga bisa itace kuwa mu ce kauci, mu wuce. Wannan hukunci na gaggawa shi ya faɗa wa dafaddu. Shi dai bisa itace ya ke zama, gaskiya ne, amma tsakaninsa da kauci akwai nisa ƙwarai, kuma kama da wane ba ta wane.

Da fari ya kamata mu san danginsa. Masana sun kasa tsire-tsire kashi-kashi, cikinsu akwai wani babban dangi wanda ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ba ya da ƙwayar iri ko kaɗan. An ƙidaya irinsu fiye da 10,000 a duniya, mafi yawansu a ƙasashe masu zafi da yawan ruwa. Hausawa ba su rasa sanin waɗansunsu ba. Agugu, wanda 'yan magori ke sayar da saiwarsa don maganin tsila, ɗan gidan ne. Haka kuma mashin zomo, ɗan ƙaramin tsiron nan mai ganye guda da tsinke a tsaye. Wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya tattara sunayen tsire-tsire da Hausa cikin wani littafi da ya fito a 1916, duk sunayen nan uku suna ciki, da agugu da mashin zomo da dafaddu. Watau dai kakanninmu sun lura da tsiron, har sun raɗa masa suna, mu ne jikoki muka bar sunan ya kwanta.

Yawancin 'yan dangin nan sabon ganyensu a naɗe ya ke fitowa kamar gammo, sa'an nan ya riƙa warwarewa sannu sannu. Amma alamar da ba ta ƙarya tana bayan ganye. In ka juya ganyen da ya ƙosa za ka ga ɗige-ɗige, ko zane-zane, ko wani faffaɗan tabo mai launin makuba. Wanda bai sani ba sai ya ce ciwo ne ya kama ganyen. Nan ne kuwa haihuwarsa ta ke, za mu komo kanta nan gaba.

Ni dai na san dafaddu ne cikin wani kurmi da ke gindin duwatsun Kagoro, inda na yi hutun damina wajen wani kawuna. Wani tsohon maharbi da mu kan bi shi ne ya nuna mini shi can bisa, inda babban reshe ya rabu da uwar itace, ya gaya mini sunansa. Daga ƙasa sai ka ce wani ya rataye tsohon kwando ya manta, kwandon kuma ya tsiro da kunnuwa. Bayan kwana kaɗan aka yi wani hadari da iska mai ƙarfi, da gari ya waye muka tarad da wani reshe ya karye ya faɗo da dafaddu a jikinsa. A nan na sami damar dubansa da kyau, na yini ina ɓare shi.

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne ganyensa iri biyu ne, ba su ko kama da juna, har ka yi tsammani tsiro biyu ne suka haɗu. Iri na fari na kira shi ganyen garkuwa. Faffaɗa ne, ƙasansa ya manne wa jikin itacen ƙam, ya rufe gindin tsiron da saiwoyinsa, samansa kuwa ya miƙe tsaye ya ɗan buɗe baki. Ya kan fito kore shar, ya yi 'yan watanni, sa'an nan ya bushe ya koma launin ƙasa. Amma ba ya faɗuwa. Yana nan a manne sai sabo ya fito ya lulluɓe shi, wani kuma ya zo ya lulluɓe wancan, har su taru hawa-hawa kamar ɓawon albasa. Da na tsaga na ga na ciki sun yi kauri sun yi laushi kamar soso, na matsa sai ga ruwa yana ɗiga, ko da ya ke tun asuba aka ɗauke ruwan sama.

To, buɗaɗɗen bakin nan na sama shi ne rumbunsa. Duk abin da ya faɗo daga itacen, ko busasshen ganye, ko fure, ko kashin tsuntsu, ko ƙura, ko mataccen ƙwaro, cikinsa ya ke zuba. Ruwan da ke gangarowa bisa jikin itace shi ma nan ya ke tsayawa. Sai tarkacen ya ruɓe ya zama baƙin taki mai kyau, irin wanda mai lambu zai yi murna da shi. Cikin takin nan da tsofaffin ganyayen garkuwa saiwoyinsa ke shiga su sha. Na zub da abin da ke cikin wanda ya faɗo, ya kusa cika ƙwarya, ga tururuwa da ƙwayayenta, ga tana, ga shanshani, gari guda dai a sama. Ka ga tsiron da bai taɓa taɓa ƙasa ba, amma ya yi wa kansa gona a sararin sama.

Iri na biyu shi ne ganyen haihuwa. Daga tsakiya ya ke fitowa, ya faɗo yana reto, tsawonsa ya kan kai taku biyu, wani har uku. Yana da kauri kamar fata. In ka shafa sabonsa za ka ji wani fari-farin gashi mai laushi kamar karan-miski. In ka duba da madubin da ke ƙara girman abu, sai ka ga ko wane gashi ya bazu kamar tauraro. Amfaninsa shi ne ya rage wa ganyen asarar ruwa, domin mai zama bisa reshe ba shi da rijiya, abin da ya tara da damina shi zai kai shi har bayan hunturu. Da rani za ka gan shi ya yi yaushi ya lanƙwashe kamar ya mutu, ruwan fari na sauka sai ya farfaɗo.

Yanzu bari mu komo ga tabon nan mai launin makuba. Yana bayan ganyen haihuwa. In ka ɗora ganyen da ya ƙosa bisa farar takarda ka bar shi ya kwana, da safe za ka tarad da wani gari mai laushi ƙwarai, ya fi garin tiya laushi. Tabon nan taron 'yan jakunkuna ne dubbai, ko wace ƙanƙana ce, da ƙyar ido ke ganinta, galibi kuwa ƙwayar gari 64 ke cikin ko wace ɗaya. Ko wace jaka tana da wani zobe a gefenta. In iska ta bushe sai zoben ya riƙa tanƙwarewa baya, jakar ta tsage, sa'an nan ya komo da sauri kamar baka da aka saki, ya watsa garin, iska ta kwashe.

Garin nan dabam ya ke da iri. Ƙwayar gero tana ɗauke da ɗan tsiro a cikinta da guzurinsa, in ta sami ruwa sai gero ya fito. Ƙwayar garin dafaddu kuwa in ta faɗa wani tsagi mai laima a ɓawon itace, abin da ke fitowa ba ya kama da dafaddu ko kaɗan. Wani ɗan kore ne, shafal kamar takarda, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. A ƙarƙashin ɗan koren nan a ke samun ɓangaren namiji da na mace. Na namijin ya kan saki waɗansu 'yan halittu masu iyo, su bi laimar ruwan sama ko ta raɓa har su kai ga ƙwan macen. Daga haɗuwarsu ne ainihin dafaddu ke tsirowa, ɗan koren kuwa ya shanye, aikinsa ya ƙare. Watau uba ba ya haifar mai kama da shi, sai dai jika ya ɗauko kaka. Wannan ne ya sa dangin nan suka fi son wuri mai laima, don in babu ɗigon ruwa ba a ɗaura auren. Ban da wannan hanya, dafaddu ya kan fid da 'ya'ya daga saiwoyinsa, su tsiro kusa da uwar, har ka ga sun kewaye itace kamar an ɗaura masa ɗamara.

Kada mu ji kunya don ba mu san wannan ba tun da, su ma Turawa sun daɗe cikin duhu. Da can a ƙasashensu, da suka rasa ganin irin waɗannan tsire-tsire, sai suka ce ai irin ɓoyayye ne, wai wanda ya same shi zai ɓace wa idon mutane, kamar dai yadda a ke faɗin layar zana a wajenmu. A 1794 wani likita mai suna John Lindsay, wanda ke zaune a tsibirin Jamaika, ya ba da labarin yadda ya shuka garin ya ga tsiro ya fito. A 1851 kuma wani Bajamushe, Wilhelm Hofmeister, ya bayyana yadda zuriya biyun nan ke karɓa-karɓa. Shi kuwa a lokacin ba malamin jami'a ba ne, aiki ya ke yi a kantin littattafai a birnin Leipzig, ya kan yi sammako ya duba madubinsa kafin ya tafi kanti. Shekararsa 27 sa'ad da ya fid da littafin. Ina ganin akwai abin da za mu ɗauka a nan, mu da mu ke kukan rashin lokaci.

Sai kuma maganar rarrabewa, domin dafaddu ba iri ɗaya ba ne. Masana suna kiran gidan duka Platycerium, daga harshen Yunanawa, ma'anarsa faffaɗan ƙaho, saboda ganyen haihuwar yawancinsu ya yi rassa kamar ƙahon wata irin barewa ta ƙasashen sanyi. Wani Bafaranshe mai suna Desvaux ne ya sa wannan suna a 1827. Irinsu wajen 18 ne a duniya, suna Afirka da Madagaskar da kudu maso gabashin Asiya da Ostireliya, guda ɗaya tak a Amurka ta Kudu. A Afirka ta Yamma biyu gare mu, rarrabe su kuwa ba wuya in ka san inda za ka duba.

Na ɗaya sunansa Platycerium stemaria. Ganyen haihuwarsa siriri ne daga gindi, yana faɗaɗa har ya rabu biyu kamar gwafa, ko wane ɓangare kuma ya sāke rabuwa biyu. Tabon garinsa yana kewaye da kwarin rabuwar nan ta biyu, bai kai bakin ganye ba. Ya fi son kurmi mai duhu da ruwa mai yawa, irin na kudancin Nijeriya. Daga ƙasarmu ma an kai labarinsa ga masana. Wani Bafaranshe, Palisot de Beauvois, ya sauka ƙasar Wari a 1786, ya yi yawo har Binin yana tara tsire-tsire, ya kuma bayyana wannan cikin littafinsa na tsire-tsiren Wari da Binin a farkon ƙarni na 19.

Na biyu sunansa Platycerium elephantotis, watau mai kunnen giwa, kuma duk wanda ya gan shi zai ce sunan ya dace. Ganyen haihuwarsa ba ya rabuwa ko kaɗan. Faffaɗa ne guda, mai zagayayyen baki da jijiyoyi a fili, galibi biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu, suna reto kamar kunnuwan giwa. Tabon garinsa babba ne guda ɗaya, ya shimfiɗu a bayan ganyen wajen ƙarshensa. Wani Bajamushe mai yawon bincike, Georg Schweinfurth, wanda ya ratsa ƙasashen kudancin Sudan, shi ya sa masa sunan a 1871. Wannan ya fi ɗan'uwansa jure rana da rani, shi ya sa a kan same shi har a bakin kurmi da itatuwan bakin rafi. Shi ne wanda ya faɗo mana a Kagoro.

Saboda haka in ka hangi dafaddu, tambaya biyu za ka yi. Shin ganyen da ke reto ya rabu, ko bai rabu ba? Tabon kuma yana kwarin gwafa ne, ko yana ƙarshen ganye? Kada ka dogara da ganyen garkuwa, don na duka biyun sun yi kama. Kada kuma ka yanke hukunci bisa ƙaramin tsiro, domin shi mai gwafar ma yana ƙarami ganyensa bai rabu ba tukuna. Nemi babba wanda ya fid da tabo.

To, ina laifin da a ke ɗora masa? Kauci mun san shi sarai. Yana da fure ja siriri kamar ashana, yana da 'ya'ya masu danƙo. Tsuntsu ya kan sha ɗan, ƙwayar ta manne a reshe, ta tsiro ta huda ɓawon, ta kafa kanta cikin naman itacen tana tsotse ruwansa. In ka sare reshen da kauci ya kama za ka ga wurin ya kumbura, naman kauci da na itacen sun zama ɗaya, gaba da kumburin kuwa reshen ya rame ko ya bushe. Wanda ya ga abin da kauci ke yi wa kaɗanya ba zai so shi a gonarsa ba. Dafaddu kuwa na ɓamɓare shi da hannuna daga reshen nan, na kankare wurin da wuƙa. Saiwoyinsa sun kama ɓawon daga waje kawai don su riƙe, babu wadda ta shiga ciki, ɓawon lafiya lau. Wurin zama kaɗai ya ara, ci da sha kuwa nasa ne. Iyakar abin da za a ce da shi, in ya tsufa ya yi jama'a ya sha ruwa ya kan yi nauyi, reshen da ya riga ya ruɓe ya kan karye da shi.

Na ga wani manomi a can ya sa yaransa sun hau itatuwan gonarsa da adda suna kankare dafaddu, wai yana shanye masa itace, ga kuwa kauci da jan furensa a reshen sama ba wanda ya taɓa shi. Ban ga laifin manomin ba, tun da ba wanda ya taɓa nuna masa. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin aikin awa guda ya rushe ginin shekaru. Dafaddu ba ya sauri. Daga gari zuwa ɗan kore makonni ne, daga ɗan kore zuwa ganyen fari watanni ne, kafin ya yi kwando ya fid da tabo kuwa sai an yi shekaru.

Adda ma ba ita ce babbar abokiyar gabansa ba. Shi ba ya iya zama ƙasa, sai bisa babban itace cikin laima. In an sare manyan itatuwa don katako ko gawayi ko sabuwar gona, rana ta shiga, iska ta bushe, ko an bar waɗansu tsaye ɗan koren nan ba zai sami raɓar da ya ke bukata ba. Tsofaffin da ke sama su yi ta watsa gari a banza har su mutu ba magaji. A Arewa kurmi ɗan kaɗan ne, tsibiri-tsibiri a bakin rafuka da gindin duwatsu, in wani ya tafi babu na kusa da zai aiko masa da iri. Abin takaici kuwa, a ƙasashen Turai saye a ke yi, a ɗaure ɗan'uwansa na Ostireliya bisa allo a rataye a ɗaki don ado, mu kuwa namu yana ƙarewa ba mu ko san sunansa ba.

Yawancinmu nan malanta za mu yi in mun fita, waɗansu za a kai su garuruwan da ke kusa da kurmi. Roƙona gare ku shi ne kada darasin tsire-tsire ya tsaya bisa allo. Gani ya kori ji. Ku fita da yara ku nuna musu kauci da dafaddu a rana ɗaya, su taɓa da hannunsu, su faɗi bambancin da bakinsu. Ba sai an ɓamɓaro tsiron ba, ɗan yankin ganye mai tabo ya isa. Ku tara garin bisa takarda. Ku sami gutsuren tubali ku zuba masa tafasasshen ruwa don ya kashe abin da ke jikinsa, in ya huce ku sa shi cikin tasa mai ɗan ruwa a ƙasa, ku barbaɗa garin kaɗan, ku rufe da gilashi, ku ajiye inda akwai haske amma rana ba ta bugu. Bayan 'yan makonni za ku ga tubalin ya fara kore. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya ga abin da ya gagari masana shekaru aru-aru, ba kuwa zai manta ba.

Ku kuma tambayi tsofaffin garin, da maharba da masu magani, yadda su ke kiransa da harshensu, ku rubuta, da irin itacen da kuka gan shi a kai, da watan da ya fid da tabo, da ko mai gwafa ne ko mai kunnen giwa. Matambayi ba ya ɓata. In ko wannenmu ya kawo abin da ya gani daga inda ya ke, cikin 'yan shekaru makarantar nan za ta san iyakar inda dafaddu ya kai a ƙasarmu, da inda ya fara ɓacewa.

Ban da wannan duka, tsiron yana da abin da zai koya wa wanda za a tura garin da ba nasu ba. Baƙo iri biyu ne. Akwai wanda in ya sauka sai mai masauki ya fara ramewa, akwai kuma wanda wurin kwana kaɗai ya ke nema, ya tara ɗan abin da ya samu ya riƙe kansa, har waɗansu ƙanana su sami mafaka a inuwarsa. Allah ya sa in an tuna da mu a garuruwan da za mu zauna, a ce dafaddu muka yi, ba kauci ba.